Riga Mai Mazagi Biyu

Sau uku Safinatu tana jan rigar don ta wuce ƙirjinta, sau uku rigar tana cijewa a hammata. A na huɗu sai ɗinkin gefe ya ɓarke har ƙasa. Ta tuɓe ta da ƙyar, ta jefa ta bisa sauran guda biyar da ke zube a tabarma, ta zauna bakin gado tana haki.

Cikinta ya shiga wata na bakwai, ga shi bazara ta kankama a Bodinga, irin wadda ko ruwan randa sai ya yi ɗumi. Yau ranar zuwa awo ce a asibiti, kuma duk cikin adakarta babu riga ɗaya da za ta shige ta.

Wata biyu ke nan tana gidan mahaifinta, Malam Mode. Maƙwabta sun ɗauka goyon ciki ta zo da wuri, tunda haihuwar fari ce. 'Yan gida kaɗai suka san akwai takarda a ƙasan adakar, mai layi biyu da rubutun mijinta, Alhaji Na'Allah na Shagari: ya sake ta saki ɗaya.

Kuma a kan riga aka yi sakin.

Alhaji Na'Allah ɗan kwangila ne, mai son a gani a yaba. A shekarar da gwamnati ta ce kowa ya tsuke bakin aljihu, aka hana shigo da kayan waje, shi leshi yake sa a kawo masa ta ɓarauniyar hanya daga Ƙwanni ta ƙasar Nijar, a ɗinka wa matarsa a Sakkwato, ɗinki matsattse irin na yayi. Ranar da matan manyan jam'iyya suka zo gidansa cin abinci, ya ce lallai sai ta sa wani leshi ruwan zuma. Ta gaya masa ya yi mata kaɗan, ya ce ta daure. Ta daure har ta fara ganin duhu-duhu a tsakiyar baƙi. Sai ta shiga ɗaki, ta ɗauki reza, ta tsarge rigar ta gefe biyu, ta sheƙi iska, ta yafa gyale ta dawo.

Bayan baƙi sun watse ya ga abin da ta yi. Ya ce ta wulaƙanta dukiyarsa, ya ce dama ta kumbura ta zama kamar buhun albasa, mutum ba ya marmarin kallonta. Kafin la'asar direbansa ya sauke ta a ƙofar gidansu.

Inna Hajjo ta leƙo ɗakin, ta dubi tarin rigunan, ta dubi 'yarta.

"Mu da munka haihi bakwai, zane ɗai muka ɗamrawa bisa ƙirji mu yafa wani. Ke mi kika so?"

Safinatu ta ce zanen yana zamewa idan ta yi tafiya, in kuma ta tamke shi sai ya shaƙe ta, ga kan ƙugunta duk ya yi shatar ɗauri har ya fara saɓulewa. Inna ta ce ciki ba ado ba ne, kuma mace mai kunya ba ta neman a kalle ta da shi. Ta saki labule ta koma bakin murhu.

Ranar dai ba ta je awon ba. Ta wuni kwance da ɗaurin ƙirji, tana kallon azara, abin duniya ya ishe ta.

Da yamma yayarta Kulu, wadda ke aure a unguwar gaba, ta shigo ta iske ta haka. Ta ɗaga rigunan ɗaya bayan ɗaya tana tsaki. Can ta rage murya ta ce ai akwai wanda ya iya wannan aikin a kasuwa, in dai Safinatu ba za ta ji wani iri ba.

Ba sai ta faɗi suna ba.

Maniru tela shi ne wanda Safinatu ta so tun tana makarantar horon malamai. Har manyansa sun kai gaisuwa an karɓa. Sai zaɓe ya zo, mahaifin Maniru ya bi jam'iyyar da ba ta Malam Mode ba, aka yi cacar baki a bakin masallaci, Malam Mode ya rantse ba zai haɗa zuri'a da gidan ba. Shekara biyu Safinatu tana korar masu zuwa zance, tana jiran zuciyar mahaifinta ta sauko. Ba ta sauko ba. Maniru ya tafi Kaduna ƙaro sanin ɗinki, ita kuma ta gaji da gorin dangi, da bakinta ta ce ta amince da Alhaji Na'Allah. Wannan ne abin da ya fi ci mata rai: ba ta da wanda za ta ɗora wa laifi.

Ta ce wa Kulu a'a. Kulu ba ta ko tsaya jin ta ba. Ta buɗe adaka ta zaro ragowar atamfa biyu, ɗaya shuɗiya mai ganye, ɗaya baƙa mai ɗigon fari, ko wacce ba ta kai ɗinkin mutum ɗaya ba, ta haɗa da ɓarkakkiyar rigar don awo, ta ƙunshe a gyalenta ta fita.

Bayan kwana biyu ta dawo hannu wofi, amma da labari. Ta ce da ta kwance ƙunshin, Maniru ya daɗe yana kallon shuɗiyar atamfar. Daga nan, kansa a sunkuye yana wasa da almakashi, ya shiga yi mata tambayoyi. Wane wuri ne ɗauri ya fi cin mai kayan? Ƙafafunta suna kumbura? Ta fi jin zafi a baya ko a wuya? Tana iya ɗaga hannu sama ta zura riga, ko sai an taimaka mata? Saura wata nawa?

Safinatu ta juya fuska ta fuskanci bango. Wata bakwai tana ɗauke da cikin nan, babu wanda ya taɓa tambayarta ko ɗaya daga cikin waɗannan.

Ranar kasuwa rigar ta iso.

Doguwa ce har idon sawu. Ya yi kafaɗa da hannuwa da baƙar atamfar, hannuwan masu faɗi yadda iska za ta ratsa. Daga ƙasan ƙirji ya haɗa shuɗiyar, ya yi mata tattara ƙanana-ƙanana, ta sauko a sake babu inda ta taɓa ciki. A kowane gefe ya zura mazagi siriri, wanda za ta riƙa sassautawa yayin da cikin ke girma, ta kuma tsuke bayan ta sauka. Gaban rigar maɓallai ne har biyar, ba sai ta ɗaga hannu ba. Ya kalmashe ɗinkin ciki ya kwantar da shi don kada ya goge fata. Da guntayen da suka saura ya harhaɗa ɗankwali, ya yi masa baki da shuɗi.

Ta sa. Ta ja numfashi har ƙasan huhu, babu abin da ya tare ta. Ta tako zuwa ƙofa ta dawo, ta zauna, ta miƙe. Kulu ta riƙe mata madubi. Matar da ta gani a ciki ba buhun albasa ba ce. Sai kawai ta fashe da kuka, Kulu tana ce mata ta yi a hankali kada Inna ta ji.

Inna Hajjo ta gani da ta fito alwala. Ta kama bakin hannun rigar ta juya shi ta duba ɗinkin, ta tambayi wanda ya yi. Kulu ta ce wani tela ne a kasuwa. Inna ta kalle su duka biyu, kallon da ya nuna ta gane, ta ɗauki butarta ta wuce.

Sati biyu bayan haka, suna dawowa daga awo, Safinatu ta ce su bi ta cikin kasuwa. Kulu ta ja tunga gun mai tattasai ta tsiri ciniki. Safinatu ta ƙarasa rumfar Maniru ita kaɗai.

Yana kan keke yana ɗinka wata 'yar shara. Ya rame, ya ƙara duhu. Da ya ɗago ya gan ta, ƙafarsa ta tsaya a kan fedar, ya janye 'yar sharar ya ajiye gefe. Suka gaisa kamar baƙi, ya tambayi mutanen gida, ta amsa. Ya dubi kafaɗar rigar da idon mai sana'a, ya tambaya ko wuyan bai matse ba. Ta ce bai matse ba.

"Maniru, ba ka da abin da za ka ce mani sai zancen wuyan riga?"

"Ba ni da shi yanzu."

"Ka san an sake ni."

"Na sani. Kuma na san saki ɗaya na. Har ranar da za ki sauka, matar mutum ta ke. In nic ce maki wani abu yau, na ci amanar Allah, kuma na ba Baba hujjar da yad daɗe shina nema."

Hawaye suka zubo mata. Ta ce shekara biyu ta jira shi yana shiru, yanzu ma shirun zai sake ba ta? Ta ce ita ba alkawari take nema ba, so take kawai ta san ko akwai abin da za ta tarar a gaba, don ta gaji da kwana da tashi ba ta san matsayinta ba, ba ita ga aure ba, ba ita ga zawarci ba. Ta ce in ya tsane ta saboda ta amsa wa wani, ya faɗa mata ta huta.

Idanunsa suka kaɗa. Ya kama zaren da ke lilo a bakin allura ya tsinke shi ba dalili.

"Ki tai gida, Safinatu. Ki sauka lahiya. Rumfag ga ba ta zuwa ko'ina."

Ta tsaya ko zai ƙara. Bai ƙara ba. Ya mayar da ƙafa kan feda, keken ya ci gaba da ƙara, amma ta lura babu ƙyalle a ƙarƙashin allurar.

Ta koma gida da haushinsa fal cikinta, da kuma wani abu mai kama da sauƙi wanda ta kasa ba shi suna. Daga ranar ta shiga lissafin kwanaki. Ta sassauta mazagi sau ɗaya, ta sake sassautawa. Alhaji Na'Allah bai aiko ba, bai leƙo ba, an ce hidimar zaɓe mai zuwa ta ɗauke masa hankali. Kullum addu'arta ita ce Allah Ya sa ya ci gaba da mantawa da ita.

Cikin ya shiga wata na tara aka sa bikin ɗiyar ƙanen Malam Mode a Shagari. Inna Hajjo ta ce mai tsohon ciki ba ta shiga mota. Malam Mode ya ce sai ta je, don kada dangi su ce ɓoye ta ake yi. Safinatu ta durƙusa ta roƙe shi, ta ce ƙafafunta sun yi nauyi. Ya ce tafiyar ba ta kai ta kawo ba, kuma ya gama magana. Ta san abin da yake so. Tun ranar da ta dawo burinsa a daidaita, domin a ganinsa surukuta da mutum irin Alhaji ba abin yarwa ba ne a wannan marra.

Ba ta da wata rigar da za ta shige ta. Ta wanke wannan, ta goge, ta sa.

A gidan biki ko zama ba ta yi ba mata suka yanyame ta. Wannan ta taɓa tattarar, waccan ta ja mazagi ta ga yadda yake aiki. Wata mai ciki wata biyar ta ce don Allah a ba ta aro ta kai wa telanta. Wata tsohuwa ta ce ita tunda take ba ta taɓa ganin mai ciki ta yi kyau haka ba. Safinatu ta yi ta murmushin dole tana neman lungu.

Da la'asar suna fitowa za su hau mota, wata farar fijo ta tsaya a bakin hanya. Alhaji Na'Allah ne da abokansa, sun zo yi wa uban amarya murna. Ɗaya daga cikinsu, wanda bai san ta ba, ya tambaya da ƙarfi matar wane ce wannan mai shuɗiyar riga. Aka yi dariya, aka nuna masa Alhaji. Safinatu ta ja gyale ta rufe fuska, amma ta riga ta ga yadda ya tsaya riƙe da murfin mota yana bin ta da kallo tun daga ɗankwali har ƙasa, irin kallon da yake yi wa kayan da wani ya taya.

Hanyar dawowa duk gargada ce. Tun a mota ta fara jin bayanta yana tsinkewa.

Washegari da hantsi saƙo ya iso: Alhaji yana tafe bayan azahar da mutum biyu, yana da magana da Malam. Malam Mode ya sa aka share zaure aka shimfiɗa sabuwar tabarma, sannan ya hau kekensa ya tafi Dingyaɗi duba gona, ya ce yanzu zai dawo.

Safinatu ta iske mahaifiyarta a madafa. Ta dafa bango ta ce ba za ta koma ba. Ta ce mutumin da ya kore ta don ta nemi numfashi, yau don abokinsa ya yaba riga zai zo ya ɗauke ta kamar tunkiyar da ya ba da kiwo? Inna ta ce shari'a ta ba shi, kalma ɗaya zai furta, babu mai tambayar ra'ayinta, haka aka yi wa mata tun kafin a haife su. Tana cikin faɗa sai ta lura da yadda yatsun 'yarta suka nutse cikin bangon, da zufar da ke tsattsafowa a goshinta.

"Tun yaushe?"

"Tun asuba."

Inna ta sauke tukunya daga wuta. Ta aika maƙwabciya ta kira Kulu da Dije ungozoma, ta kama Safinatu ta kai ta ɗakin ƙurya.

Azahar ta yi, fijo ta tsaya a ƙofar gida. Aka ce wa Alhaji mai gida bai dawo ba. Ɗaya daga cikin mutanensa ya ce ai ko yanzu ya furta a gabansu ya wadatar. Alhaji ya ce shi ba ɓarawo ba ne, a gaban uban yarinya zai yi magana, a san shi ne ya yi alfarma. Suka zauna. Kulu ta aika musu da fura, ta aika da goro, tana fita tana dawowa tana raɗa wa ƙanwarta cewa Baba bai iso ba tukuna.

Safinatu tana durƙushe, ta ciji gefen gyale, ba ta yarda ko nishi ya fita ba. Dije tana cewa saura kaɗan. Aka kira la'asar. Jim kaɗan suka ji ƙarar kararrawar keke, suka ji sallamar Malam Mode, suka ji an shiga gaisuwa, ana tambayar gida da gona da gajiyar biki da labarin ruwa.

Kulu ta koma bakin zaure ta laɓe. Inna ta riƙe kafaɗun 'yarta ta ce mata cikin kunne, "Yunƙura, ɗiyata."

Ta yunƙura da duk abin da ya rage mata.

Yarinya ta faɗo hannun Dije, mace, amma ba ta motsa ba, ba ta yi kuka ba. Dije ta juya ta, ta share mata baki da yatsa, ta hura mata iska a fuska, ta murza bayanta. Safinatu ta manta da zaure da wanda ke cikinsa, tana ta kiran sunan Allah. Dije ta kamfaci ruwan sanyi ta yayyafa mata.

A daidai nan Kulu ta faɗo ɗakin, fuskarta jiƙe da hawaye, ta ce ya furta, yanzun nan ya ce ya mayar da matarsa, Baba ya ce madalla.

Kafin ta rufe baki jaririyar ta tsala kuka, kukan da aka ji har waje.

Daga zaure aka ɗauki hamdala. Suka ji muryar Alhaji yana cewa alheri biyu a rana ɗaya, ga kome ga ƙaruwa, ya yi sa'a da ya riga kukan.

Inna Hajjo ta dubi jaririyar, ta dubi Safinatu da ke kwance tana girgiza kai. Shekara talatin da aure ba ta taɓa tsoma baki a maganar zaure ba. Ta wanke hannu, ta gyara lulluɓi, ta taka har bakin ƙofar, ta tsaya bayan asabari ta yi sallama.

"Malam, a gahurta mani. Ɗiya ta riga ta sauka kahin Alhaji shi buɗe baki. Kukan na yam makara. Ni shaida ta, Dije shaida ta. Idda ta ƙare."

Malam Mode ya kira sunanta da muryar gargaɗi, ya ce ta koma ciki. Ba ta gusa ba.

Aka ji Alhaji Na'Allah ya miƙe, ya kakkaɓe babbar rigarsa. Ya ce shi da shaidunsa kunne gare su, sun san abin da suka ji da lokacin da suka ji shi, kuma tunda abin ya zama haka, sai a haɗu gaban alƙali. Ya sa takalmi ya fita ba sallama.

A ƙurya Dije ta yanke cibi, ta naɗe jaririyar ta ɗora wa uwarta a ƙirji. Safinatu ta rungume ta, tana jin ƙarar fijo tana nisa, tana kuma jin takun mahaifinta yana ratso tsakar gida, ya nufo ɗakin.